'Yar Takara a Bakin Kwata

Tsohon kansila yana zaune a shagon tela, idonsa na kan wata sabuwar 'yar takara a tsallaken titi. Siririya ce, takalminta duk caɓi. Tana duba kwatar da ta toshe, tana gaida kowane mai rumfa da yarensa.

"Hajiya, waɗannan ba namu ba ne," in ji wani jigon jam'iyyarta.

"In ruwa ya shigo, katin jam'iyya yake tambaya?"

Kasuwa ta ɗauki shewa. Kansila ya kawar da kai. Ƙila koya mata aka yi. Shi duk wahalarsa ba a taɓa yi masa haka ba.

"Duk yaudara ce," ya ce wa tela.

Tela ya bar masa rigarsa ƙarƙashin allura, ya tsallaka titi.