Wasan da Muka Kalla a Kan Jinga

Shekara uku na yi ina haska wasannin ƙwallon makarantarmu kai tsaye a intanet, kuma ba son ƙwallo ne ya sa ni ba. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandaren kwana a Haɗejiya. Har yau in alƙalin wasa ya busa satar gida sai an yi mini bayani. Mutanen ƙauyen mahaifiyata ne suka sa ni, can cikin fadama wajen Kirikasamma. Yaransu huɗu ne a ƙungiyarmu, har da ɗan kawuna mai tsaron gida, amma da zarar ruwa ya sauko hanya ta yanke sai kwalekwale, kuma babu uban da zai bar shinkafarsa ya zo gari kallon ƙwallo.

Mu biyu muke aikin, ni da malamin wasanni. Bafulatani ne, ni kuma Babarbare, saboda haka kullum cikin tsiya muke: ya ce bawansa ne ni, na ce da kuɗin goro kakana ya sayi kakansa. Tun kwalejin horon malamai muke tare. Shi ke tsara ranakun wasa, ni ke riƙe waya da shafin makaranta, amma lambar sirrin shafin duk mun san ta, don ban taɓa tunanin akwai abin ɓoyewa tsakaninmu ba.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Wasan farko na tsaya rana na dukan idon waya, 'yan kallo ba su ga komai ba sai baƙaƙen mutane suna gudu. Na biyu caji ya ƙare ana tsakiyar wasa. A hankali na gano cewa sabis ya fi ƙarfi a gindin tankin ruwa, na koyi zuwa gwaji tun ana gobe wasa, na koyi hana waya karɓar kira don kada hoto ya yanke. Amma babban abin da na koya shi ne lokaci. A ƙauyen nan sabis ba ya shiga gida; sai an hau jinga, wato tudun ƙasar da aka tara don tare ambaliya. Mutum zai kai wayarsa wurin mai caji tun safe, ya kashe ta, ya baro gona da wuri, ya hau jingar nan. Wanda ya yi wannan ba a ce masa an ɗaga wasa. Don haka muka kafa doka, ni da abokina: wasa bayan la'asar ne, ana sanarwa kwana uku kafin ranar, kuma in an sanar an gama.

Sanarwar ma ba a shafi suke ganinta ba. Kawuna nake kira, shi kuma ya gaya wa mai shela bayan sallar Juma'a. Mai shelar nan ba ya ɗaukar maganar kowa. Sai ta mai gari, sai ta liman, sai kuma, a shekarun nan uku, tawa. Ba zan ɓoye ba, abin yana fasa mini kai. Ni da aka sani da tsoron ruwa tun ina yaro, ga shi ana cewa "Malam ya aiko" a ƙofar masallaci.

A shekara ta uku muka kai wasan ƙarshe na makarantun yankin. Kaka ce, ruwa bai gama janyewa ba. Aka sa ranar Asabar bayan la'asar, na aika, aka yi shela. Ranar Alhamis abokina ya same ni a ɗakin malamai da wata shawara da na ji daɗinta har raina. Ya ce shekara uku ina wahala ban taɓa ganin fuskokin masu kallon ba; me zai hana in ɗauki kwamfutar makaranta da lasifika in je in kalla tare da su, shi ya riƙe tasa wayar a fili? Na ce hannun Bafulatani sanda ya sani, zai girgiza mini hoto. Ya rantse zai ɗaure wayar a jikin tankin. Har bakin mota ya raka ni ranar Juma'a.

Ban taɓa ganin jingar nan ta cika kamar ranar ba. An shimfiɗa tabarmi, an ɗora kwamfuta a kan turmi da aka kife, mata sun tsaya daga baya da goyonsu. Wasu masunta ko komarsu ba su shanya ba. Da muka idar da la'asar na haɗa wayata da kwamfutar, jan rubutun nan na kai tsaye ya fito, ga yaranmu suna shiga fili. Ni idona na kan sandunan sabis, ina addu'ar kada su sauka.

Muka ci ɗaya kafin hutu. Ana dab da tashi aka ba abokan karawarmu fenariti. Kawu, wanda ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba, ya ɗaga hannuwansa sama, sauran dattawa suka bi shi, liman yana jan addu'a ana amsawa. Hoton ya matso kusa da ɗansa a tsakanin raga. Sai na ga Kawu ya sauke hannu a hankali. Ya ƙura wa kwamfutar ido, ya juya ya dubi inuwarsa da ta miƙe daga kan jinga har bakin ruwa.

Ya ce, "Ɗan nan, rana biyu gare ku a Haɗejiya?"

Ban gane ba. Ya sa yatsa a gilashin, daidai ƙafar yaron. Inuwarsa 'yar guntuwa ce, a ƙarƙashinsa take. Ya ce wannan rana ko azahar ba ta kai ba. Mutanen da ke auna lokacin ban ruwa da na ɗaga koma da inuwa, kallo ɗaya suka yi suka gani. Ni mai takardar kwamfuta ne kaɗai na shafe fiye da awa guda ban lura ba.

Na zare wayata, hoton ya mutu kafin a buga fenaritin. Na matsa can ƙarshen jinga na kira abokina. Da dariya ya ɗauka. Ya ce babban baƙon da zai miƙa kofi ne ya ce ba zai kai yamma ba, aka mayar da wasan ƙarfe sha ɗaya, tun ranar Laraba aka yanke. Ya san in ya gaya mini zan tayar da jijiyar wuya a gaban shugaban makaranta, shi ya sa ya naɗi wasan da safe, ya sake shi da la'asar ta wata manhaja da ke nuna shi kamar yanzu ake yi.

Ya ce, "Haba Babarbare, ai mun ci kofi, ɗan kawunka ma ya kaɗe fenaritin. Su sun ga wasa, kai ka sha iska. Wa aka cuta?"

Tun ranar Laraba. Ashe lokacin da yake ce mini in je in ga fuskokin mutanena, ya san abin da yake tura ni in yi musu. Da a ce ya ɗaga wasan ne kawai, da na yi fushi na huce. Amma ya zauna ya lissafa cewa mutanen fadama ba za su gane ba, kuma ya zaɓi fuskata ya liƙa wa abin. Na kashe wayar, don abin da ke bakina ba na wasan Fulani da Barebari ba ne.

Na dawo na gaya musu gaskiya, har da cewa mun ci kuma yaron ya tsare ragarsa. Ba wanda ya yi tafi. Wata daga cikin matan ta yi guɗa rabi ta haɗiye. Liman ya naɗe buzunsa, ya ce a hankali, ba da ni yake ba, ashe abin da aka riga aka gama suke ta roƙo a kai. Na rantse ban sani ba. Wasu sun yarda, wasu sun ce mai riƙe da na'ura ba zai rasa sani ba. Suka watse da sauran rana, ga shinkafa an bari a gona.

Har yanzu makaranta ɗaya muke koyarwa da abokina. Ya ba ni haƙuri sau biyu, duk cikin raha, har yau bai ga girman abin ba. Muna gaisawa. Na daina kiransa bawana, shi ma da ya gwada sau ɗaya ya ga ban amsa ba, ya bari.

Washegarin wasan Kawu ne da kansa ya tuƙa ni a kwalekwale zuwa inda ake samun mota. Muka ratsa cikin kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cike fadama. Da muka kusa gaɓa na ce masa zango mai zuwa zan gyara, ni zan riƙe wayar da hannuna, in an sa rana zan kira shi a yi shela kamar kullum. Ya kafa gorarsa a laka, ya riƙe mini kwalekwalen in sauka.

Ya ce, "Ni na yarda ba ka sani ba. Amma ka daina aikowa. Ban ce kana ƙarya ba, ɗan nan. Maganarka ce ba a hannunka take ba, ni kuma ba zan sake kai ta ƙofar masallaci ba."