Agogon da Aka Ɗaura wa 'Yata

'Yata ta fari ta haihu lafiya, sai bayan suna numfashi ya fara gagararta. A asibiti suka ce zuciyarta ce ta gaza, irin ciwon da ke kama masu jego. Da za a sallame ta suka ɗaura mata wani baƙin agogo a hannu. Ma'aikaciyar jinya ta ce shi zai riƙa kai musu labarin bugun zuciyarta, kada a cire sai in za a yi masa caji. Ta ce likita ya hana wankan jego, ya hana kunun kanwa. Na ce to.

Muka dawo gida Koki. Ni ko sunan yarinyar nan ba na faɗa, balle in tsaya a kanta a gaban dangin ubanta. Haka aka raine mu da kunyar ɗan fari. Sai yayar maigidana, wadda yara ke kira Gwaggo, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Washegari na ji ƙamshin darbejiya a tukunya.

Na ce, "Yaya, likita fa ya hana."

Ta ce, "Ke wa ya yi miki naki? Ba ni ba? Ga ki nan garau. Shi likitan ma uwarsa ta yi."

Ranar da Gwaggo ta fara cire mata agogon don wankan, asibiti suka bugo waya suna faɗa. Daga nan ba su ƙara kira ba.

Ba a jima ba ƙafafun yarinyar suka kumbura, silifas ya daina shiga. Barci ma sai a zaune, ta jingina da bango, lulluɓe da zane. Na taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci, ina iya karanta lamba, sai na laɓe a zaure na kira ma'aikaciyar.

Ta ce, "Mama, kwantar da hankalinki. Ga ta nan ina gani a kwamfuta, zuciyarta ta fi tawa lafiya. Har yawo take sha."

Na ce, "Yarinyar da banɗaki ma sai an riƙe ta?"

Ta yi dariya. "Ku iyaye haka kuke. Ku bari sai ranar ganin likita."

Na yi mata godiya. Ita tana da kwamfuta, ni ido kawai gare ni.

Wata safiya na tarar da Gwaggo tana tace gasara, ta naɗe hannun riga. Agogon na ɗaure a hannunta. Da shi take zuwa kasuwar Jakara sayen kanwa, da shi take zaga gidajen biki.

Ta ga ina kallo, ta ce, "Ai in ya zauna ba hannu, sai su dame mu da waya. Na ɗaura, kowa ya huta."

Na sa hijabi, na fita na tsayar da a-daidaita-sahu, na dawo na ɗago yarinyata da kaina. A asibiti suka ce ruwa ya riga ya cika huhunta. Ba ta dawo gida ba.

A zaman makoki Gwaggo ce ke karɓar gaisuwa, tana ta cewa kwana ne ya ƙare. Na sani, ban musa wa Allah ba. Jaririyar da ta bari tana bayana yanzu, da madarar gwangwani ta tashi. Gwaggo kuwa tana nan ɗakinta, kullum safe sai na je na durƙusa na ce, "Yaya, an tashi lafiya?"