Shekarar da Iya Ta Hana Na-Kande Zama Gawo

A shekarar fari, lokacin ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, mai kai kamar tulu da ƙafafu kamar karan dawa, tele, wato talabijin, ɗaya ce a unguwarmu ta Matamai. Gwamnatin soja ta kawo ta, aka kafa ta bisa tebur a filin samariya, aka damƙa ta ga Malam Idi mai gyaran rediyo tare da batirin da take ci. In ya yaye mata zane bayan magariba, taron da ake yi ko kasuwa ba ta ganin irinsa. Na rantse har awaki na zuwa, kuma sun fi mu natsuwa.

Wasan da ya haukata mu na wani direban kamiyo ne, babbar motar kaya, da ya ɓace cikin Sahara, matarsa na gida tana jira. Mako bayan mako muna jira tare da ita, har ranar da za a ƙare. Aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta tashi, ta gyara kallabi, ta miƙa hannu ga ƙyaure. Sai hoton ya tsuke, ya koma kamar ƙwayar gero, ya ɓace. Batir ya mutu! Malam Idi ya mari tele, ya lallashe ta, ya tofa mata addu'a, ta yi gum.

Kafin gari ya waye unguwa ta rabu biyu. Mahauta suka ce mijin ne ya dawo. Masu shayi suka ce jandarma ne ya kawo labarin mutuwa. Aka ce wani a Damagaram ya ga ƙarshen, da aka bincika sai aka tarar barci ya kwashe shi.

Ga manya abin hira ne, ga ƙanwata Hadiza kuwa ba wasa ba ne. Babanmu ya tafi cin rani Kano yana ga-ruwa, sojan can suka rufe iyaka, lokacin shuka ya wuce babu shi babu labarinsa. Hadiza ta ɗauki direban nan ta haɗa da Baba a ranta, suka zama mutum ɗaya. Tun daren da tele ta mutu ta rufe baki, ta ƙi cin abinci. Abin da muke ci ma anza ce, wadda sai an yi kwanaki ana jiƙa ta kafin ɗacinta ya ragu, sai ɗan kunun jar dawar taimako. Inna ta lallasa, ta yi faɗa, ta ɗauko tsumagiya ta mayar. Yarinyar da dama iska ke iya ɗauka ta ƙara zama zare.

Iya, mahaifiyar Baba, mutumiyar Yauri ce, kuma ba ta taɓa taka filin samariya ba. Cewa take ba ruwanta da mutanen da za ka yi musu sallama su ci gaba da surutunsu. Ita tata telen wutar kara ce a ƙofar ɗakinta. Har yau in na rufe ido ina ganin hayaƙin na miƙewa a hankali yana neman taurari, inuwar Iya na kan danga ta yi girma har ta fi rumbunmu da babu komai ciki.

A bakin wutar nan Hadiza ta tambaye ta, murya can ƙasa, "Iya, direban ya dawo?"

"Ni ina na san direba, ƙawata? Na-Kande na sani. Matso. Ga ta nan tafe, ƙafarta duk ƙura."

Muka amsa, "Ta shigo ta zauna."

Na-Kande mutum ne da ruwa ya ƙi sauka a garinsu, sai ya ɗauki sanda ya tafi nemansa. Ya yi tafiya har takalmansa suka cinye, ya isa ƙarshen ƙasa, inda wata tsohuwa ke kiwon gizagizai. Tana ɗaure su a turke kamar tumaki, da safe ta sake su su yi kiwo a sama. Ya yi mata shara, ya tatsar mata hazo, sai ta ba shi ɗan girgije ɗaya mai baƙin ciki kamar tukunya, da igiya a wuya. Ta ce, "Ja shi gida. Amma kada ka sha ko ɗigo daga jikinsa sai ka taka ƙofar gidanka." Na-Kande ya kamo hanya, girgije na biye da shi yana gurnani, inuwarsa a kansa, ƙanshin ruwa a hancinsa. Maƙogwaronsa ya bushe har in ya yi tari ƙura ke fita. Ya daure, ya daure, har ya hango dangar garinsu. Nan ƙishi ya ci ƙarfinsa, ya ɗaga hannu zai matse kunnen girgijen.

Ni na san sauran, don na sha ji a shekarun ƙoshi. Ya sha ɗigo ɗaya, ƙafafunsa suka yi saiwa, ya zama itacen gawo a bakin gari. Girgije ya tsinke ya zubar wa gari ruwa, shi kuwa bai ƙara ɗanɗana ba. Shi ya sa gawo ke zubar da ganye da damina, sai kowa ya bushe shi ya yi kore. Na gyara zama ina jiran saiwa.

Sai Iya ta tura kara cikin wuta ta ce, "Hannunsa na sama ke nan, sai ga 'yarsa ƙarama da gudu, da ƙoƙon ruwa a hannu. Kullum tana ajiye masa a bakin ƙofa. Ta ce, Baba, sha wannan. Ya sha. Suka kama igiya tare, suka ja girgije har tsakar gida."

Na ce, "Kai, Iya! Ina gawon? Da ba haka..."

"Maigida," in ji ta, "wa ya tambaye ka? Miji sai baki, ko turmin zane bai taɓa saya mini ba. Da can tsufa ne ya sa na manta yarinyar. Yau na tuna ta."

Hadiza ta ɗago. "Ita yarinyar, ta iya gudu?"

"Sosai ma. Ai tana shan kununta. Wadda ba ta ci, ko ƙoƙon ba za ta iya ɗauka ba."

Hadiza ta kalli wuta. Can ta jawo kwanon kunun da ya huce, ta kafa kai. Iya ta ce, "Na naɗe tabarmata, kowa ya kama tasa."

Daga ranar, kowace magariba Hadiza na cika ɗan ƙoƙo ta ajiye a bakin zaure. Da safe ta zuba wa akuyarmu. Iya kuwa ta zama mai jinƙai ƙwarai: duk tatsuniyar da ta ɗauko babu mai mutuwa. Kura ma, wadda a da kullum sai an fasa mata kai, shekarar nan da ɗan ɗingishi take tsira.

Baba ya dawo da ruwan farko na shekara mai bi, ta hanyar daji wajen Tsauni, a ƙafa, ya rame har sai da karenmu ya yi masa haushi. Kafin kowa ya miƙe Hadiza ta suri ƙoƙonta ta isa gare shi. Ruwan duk ya zube a hanya saura kurɓi ɗaya. Mutumin da ya shayar da rabin Kano ya durƙusa ya sha, ya daɗe bai ɗago ba.

Da kaka gero ya yi, rumbu ya cika har yana nishi. Daren da muka ci tuwon sabon gero, Baba na gefe yana sakace, Iya ta sake ɗauko Na-Kande. Ya hango danga, ya ɗaga hannu, ya matse, ya sha. Saiwa ta kama shi. Hadiza ta yi kuka mai daɗi, irin na mai cikakken ciki, ta yi barci a cinyar Baba.

Na raɗa wa Iya, "Kin sake manta yarinyar?"

Ta ce, "Ta gama aikinta. Mai yunwa ba a kashe masa mutum a tatsuniya, maigida. Bana muna da ƙarfin kuka."

Yanzu furfura ta cinye mini kai, tele ta shiga aljihun kowa, 'ya'yana kullum cikin gardama suke: wannan wasa ya ƙare da aure, ƙarya ne, wancan ya ƙare da makoki, mugunta ce. Ni ba na shiga. Nakan tambayi kaina ne wa ke zaune gaban abin, me ya ci, wa yake jira. Har yau ban san wa ya ƙwanƙwasa ƙofar matar direba ba, na kuwa daina tambaya.

Kwanan baya Hadiza, wadda yanzu Hajiya ce mai jikoki, ta kira ni tana huci. Wai wasan da ta yi shekara tana bi sun kashe jarumin a daren ƙarshe, ta yi kuka har ɗankwali ya jiƙe.

Na ce, "Hajiya, kowa na gida?"

"Kowa na nan."

"An ci tuwo?"

Ta bushe da dariya. "Har da saura," in ji ta.

Na ce, "To, a bar shi ya zama gawo."