Yadda Rashanci Ya Ci Mini Mutunci a Ɗakina

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, mai hira ya dakata. Ni ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Shekarun baya, tun masaƙun Kakuri na aiki, maigidana Malam makanike ne a ɗaya daga cikinsu. Aka zaɓe shi cikin waɗanda za a tura Rasha koyon aikin ƙarfe, aka ba shi kaset goma sha biyu na koyon yarensu. Shekara biyu cur ina tuƙa tuwo da kaset ɗin nan a kunnena. Wani namiji ne mai murya kamar daga cikin rijiya, da wata mace marar fara'a. Macen ta yi tambaya, a yi shiru mai tsawo, Malam ya amsa, sannan namijin ya faɗi daidai. Tafiya dai ba ta yiwu ba. Malam ya zuba kaset a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado, na ce alhamdu lillahi.

Ashe ban rabu da su ba.

Kwanci tashi, jikata da ta girma a hannuna ta nemi gurbin karatun likita a Rasha. Aka ce nan da sati shida wata Baturiya za ta kira ta a waya, ido da ido, ta ji ko ta fara yaren. In ta gamsu, ta samu. In ba ta gamsu ba, a ba wata. Yarinya ta sauke darussa a wayarta. Shi kuwa Malam da ya ji, ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya jawo akwati, ya kakkaɓe tsohuwar rakoda, ya zauna yana naɗe zaren kaset da biro.

Daga ranar gidana ya zama kasuwa.

Na wayar nan, samari ne masu rawar kai, ga kiɗa, ga sauri kamar ana korarsu. Ka faɗi kalma ɗaya, abin ya yi ƙara ya yaba maka. Na Malam kuwa sai ya sa ka maimaita abu ɗaya har ka tsane shi, ga shuu kamar ana ruwa a kan kwano.

"Likita," in ji Malam, don haka yake tsokanarta, "wannan naki ai wasan yara ne. Me suka koya miki yau?"

"Yadda zan sayi shayi, in kira tasi."

"Shayi! A darasi na uku ni har na kai baƙo masana'anta na nuna masa injuna."

"Baba, ƙasar da ke cikin kaset ɗinka fa ta rushe tun ba a haife ni ba. Kuma wannan tabarish da kake kiran kowa da shi, an daina."

"Wa ya daina? Tabarish abokin gwagwarmaya ne, kalmar girma ce!"

Sai kowa ya ƙure muryar nasa. Ni kuma duka biyun ba su bar ni ba, don nan kak, can kak, komai nasu da kak yake farawa. Ina wanki in ji kamar an ce Kaka, in ce na'am, in taso da kumfa a hannu, ashe rakoda ce. Na yi faɗa, na yi rantsuwa zan jefa rakoda da waya a rijiya, ba wanda ya ko kalle ni.

Ranar kira ta zo, da hantsi. A ɗakina aka zauna don nan waya ta fi kamawa. Aka ce ni da Malam mu koma bayan labule, kada a ji ko tarinmu. Malam kuwa har da babbar riga.

Da farko yarinya ta yi abin kirki. Gaisuwar wayarta ta fito tar, Baturiya na gyaɗa kai. Sai matar ta rage murya ta yi wata tambaya a hankali. Shiru. Ta sake. Shiru. Na leƙa ta gefen labule. Darasin wayarta bai zo wurin ba.

Ni kuwa na san tambayar nan. Ban san ma'anarta ba, amma na san ta kamar yadda na san ƙarar ƙofar gidana. Ita ce macen kaset ke yi kafin a yi dogon shiru. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, sai ji na yi na ce da muryar mutumin rijiya, "Na zabodiye!"

Daga baya aka ce mini tambayar ita ce ina kakanta ya yi aiki, ni kuma na ce a masana'anta.

Baturiya ta ce wa ke nan? Jikata ta ja labule a rikice ta nuna ni, ta ce wannan Kaka. Matar ta toshe baki. Malam ya ga dama ta samu, ya fito ya ƙame kamar soja ya ce, "Tabarish!" Yarinya ta ce wannan kuma Baba. Shi ke nan, mata ta kife kai a tebur tana dariya har da hawaye.

Na ce a raina mun kashe wa yarinya karatu.

Amma dariyar ce ta kwance mata harshe. Ta ba da haƙuri da kalmar da wayarta ta koya mata, ta ɗauki amsar da na jefo ta gina a kai, cewa kakanta ya yi aiki a masana'anta, da irin jimlar da kaset ya cusa mata ba da sonta ba. Bayan kwana tara saƙo ya zo, an ɗauke ta.

Har yau in an tambaye ni wanne ya fi, cewa nake na waya ya iya shigar da kai gidan mutane, na kaset ya iya zaunar da kai. Amma duka biyun ba su da kirki, don ba wanda ya gargaɗe mu. Sai da ta yi wata biyu a can ta kira ni tana ƙyaƙyatawa. Wai a bakinsu baba tsohuwar mace ce. Kaka kuwa, ku yi haƙuri da bakina, abin da jariri ke yi a zane.

Rakoda ta cinye kaset na bakwai, daga nan ba ta sake tashi ba. Malam na nan, yana gaya wa 'yan majalisarsu cewa tabarish ɗinsa ne ya ba jikarsa gurbi. Jikata ta dawo, likita ce a wani asibiti ta wajen Gonin Gora. Tana kirana Babushka, wato kaka da yarensu, wai ya fi tsabta. Ni kuwa ba na amsawa sai ta ce Kaka. Shekara talatin ana kirana da shi a gidan nan, ba wanda ya taɓa toshe hanci.