Hoton da na ɗauka a durƙushe

Shekarun baya, tun kafin yaƙi ya watsa mu, sana'ata ɗaukar hoto ce, yawanci a bukukuwan aure na unguwar Umbadda inda aka haife ni. Wata rana abokina, mai wani shafin nishaɗi a intanet, ya samo mini katin shiga bikin karrama matasa masu shirya fina-finai, a wani otal da ke bakin kogi a Khartoum. Na je Kasuwar Libiya na sayi sabuwar riga, na tsaya gaban madubi ina gwada tsayuwar manyan masu hoto. Ni a raina na riga na zama wani.

A ƙofar otal abokina ya ja ni gefe. "Ya zol, mutumina, kar ka kawo mini hotunan tsofaffi suna miƙa kofi. Wa zai kalla? Ka duba 'yan matan, ka duba abin da suka sa." Na yi dariya na ce na gane.

Wasu matan sun naɗa tob, wato lafaya, har ka, wasu sun sa irin rigunan da muke gani a bukukuwan ƙasashen waje. Wata budurwa ta sa baƙar riga mara hannu, a tsage ta gefe, da ɗan mayafi a kafaɗa. Da aka kira ta, tana hawa matakala mayafin ya zame. Na durƙusa na ɗauki hotonta daga ƙasa. Ta karɓi kofinta, ta yi magana kamar ta minti uku, aka yi ta tafa mata. Ni kuwa ina can ina duba kyamara, ina yaba wa kaina yadda haske ya fito.

Abokina ya yanke hoton har fuskar ta koma rabi, ya ɗora a shafi. Cikin kwana biyu ya zagaye gari. Masu zagi suna zagi, masu maganar banza suna yi, kuma da na duba sosai, sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin duka biyun.

Ran Juma'a muna cin abinci a gida na nuna wa yayata, wadda malamar makaranta ce, don ta ga yadda aikina ya yi suna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Lambar me ta ci?"

Na ce ta fim.

"Wane fim? A kan me?"

Na ce ban sani ba. Mahaifiyata ta ajiye cokali. "Kai ba kana wurin ba?" Na ce ina wurin, a sahun gaba ma. Ta ce, "To kunnuwanka a gida ka bar su?"

Na matsa wa abokina ya cire hoton, ya cire yana mita, amma an riga an kwafe shi a wurare da yawa. Bayan mako uku na samu inda budurwar ke aiki a unguwar Alsahafa, na je. A nan na ji cewa fim ɗin a kan mata masu sayar da shayi a bakin titi ne, shekara biyu tana bin su, ɗaya daga cikinsu innarta ce. Na ji kuma cewa wata makarantar 'yan mata da ta gayyace ta nuna fim ɗin ta fasa, kuma mahaifinta ya canja masallaci saboda surutun mutane.

Na ce, "Ustaza, ma'alesh, ki yi haƙuri. Ni ne na ɗauka."

Ta ce, "Na sani, na gan ka a durƙushe. Rigar ni na zaɓa, kuma mun yi faɗanmu da mahaifiyata a kanta tun kafin in fita, wannan tsakaninmu ne. Amma ni da mayafin ya zame na ja shi na gyara. Ba ka ɗauki wannan ba?"

Na ɗauka. Akwai hotuna fiye da goma tana riƙe da kofi, tana dariya, tana nuna innarta a cikin jama'a. Ni da hannuna na tsallake su na tura wancan. Na gaya mata haka. Ta gyaɗa kai, ta ce in tura mata su, ta koma kan aikinta. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan abokina, wani lokacin ma a kan rigar. Har yau mutane na gardama a kan abin da ya dace mace ta sa a irin waɗannan wurare, ni ma ina da ra'ayina. Sai dai na san ba ra'ayi ne ya durƙusar da ni ranar ba.

Yanzu kowa ya kama inda ya samu mafaka, ban san ƙasar da take ba. Kwanaki na rubuta sunanta a intanet don in ji ko tana lafiya. Hoton nan da na ɗauka ne ya fara fitowa. Sai da na gangara ƙasa sosai kafin na ga sunan fim ɗin.