Kar Ki Buɗe Ƙofar

A rumfar Wekesa mai tsofaffin faifan garmaho, cikin hayaƙin masu gasa nama a Nairobi, wata tsohuwa na tsaye da kwandon alayyafo. Kiɗan wani tsohon fim mai ban tsoro ke tashi, sautin gogen Turawa na tahowa sannu-sannu. Ta runtse ido tana laluben hannun wanda ba ya nan. Ina jin tare suka kalli fim ɗin a silima.

Gogen na ƙwala ƙara, ita ma ta ƙwala wa matar cikin fim ɗin: "Kar ki buɗe ƙofar!"

"Mama, ai babu hoto," in ji Wekesa.

"Kai ne ba ka gani, ɗana. Naɗe min shi. Jikata na koyon goge, gara ta ji yadda ake tsinka wa mutane zuciya."