Takardar Da Na Buga Wa Buba

Ni ba ɗan daba ba ne. Ban taɓa haura katangar kowa ba, ban taɓa zare wa wani wuƙa ba. Na faɗi haka tun farko ne saboda ku matasa, da kun ji an ce wane ya yi gidan yari, sai ku ɗauka wani ƙato ne mai jajayen idanu. To ni a kan kujera na yi tawa ɓarnar, gaban kwamfuta, fanka na kaɗa ni. Ina da ɗan shago a unguwar Manawashi inda nake buga takardu, ina yin fotokofi da hoton fasfo. Abin da nake samu yana riƙe ni da matata da 'yarmu ɗaya, har da ragowa. Ba yunwa ce ta kai ni ba, kada wani ya ba ni wannan uzurin.

Bayan iyalina, ba abin da nake so kamar ƙwallo. Ban iya bugawa ba, in na sa ƙafa sai 'yan kallo su kama ciki don dariya, shi ya sa aka ba ni sakataren kulob ɗin unguwarmu. Wanda ya kafa kulob ɗin shi ne kocinmu, Baba Yohanna, Batangale, tsohon malamin firamare. Sama da shekara ashirin yana kan abin nan. Da kekensa ya fara, da ƙwallo ɗaya mai faci, har ya kai mu rukunin farko na gasar cikin gari. A wajensa ba ruwan kowa da wane Musulmi ne wane Kirista ne, in ka makara zuwa atisaye dai zagaye biyar ne, ko ɗan uban wa kake.

Ɓarnata ta fara ne da abin da nake kira taimako. Wani ɗan wasanmu zai tafi gwaji Jos, ana neman 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, shi kuwa har gemu ya tsaya masa. Ya zo ya ce, “Hamma, shekara huɗu kawai za ka rage mini, kowa ma yana da shekarun ƙwallo.” Na rage. Abin ya fito tsaf, ko ni na yi mamakin kaina. Daga nan sai mai son a gyara masa sakamakon jarrabawa, sai ma'aikacin da ke son takardar asibiti don ya huta, sai mai neman shaidar ƙaramar hukumar da ko hanyarta bai sani ba. Kullum in ce wannan ne na ƙarshe. Wautar da ta fi ba ni haushi ita ce ba na share komai daga kwamfutar, saboda ina alfahari da aikina. Wani lokaci in babu kowa sai in buɗe in yi ta kallo, ina yaba wa kaina.

A shekarar da abin ya faru, kulob ya shiga wani hali. Duk ƙwallayenmu a ƙafar mutum ɗaya suke, Buba, dogon Bafulatani mai gudu kamar an koro shi. In yana fili, masu tsaron gida ba sa barci. Amma Buba zuciya gare shi, abu kaɗan sai ya tashi kamar wutar kara. Rabin unguwa na cewa a kore shi ya ishe mu, rabi na cewa in babu shi gara a rufe kulob ɗin. Wata Asabar rafali ya hana shi fanareti, Buba ya je ya sa masa goshi har mutumin ya zauna a ƙasa. Hukumar gasa ta dakatar da shi wasa biyar.

Kai, mun ga taskun duniya. Muka yi wasa huɗu a jere ba mu ga raga ba. Yaranmu su kai ƙwallo har bakin gola su tsaya suna waige, suna neman Buba, shi kuwa yana bayan waya yana cizon yatsa. Muka gangaro can ƙasan tebur. Alhajin da ke saya mana riguna da takalma, wani ɗan kasuwa da ke zaune a GRA, ya aiko a gaya wa Baba cewa in muka faɗa rukuni na biyu, ya zare hannunsa. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: babu riguna, babu motar zuwa wasa, babu kulob.

Wasa na biyar ya zo, abokan karawarmu ba su zo fili ba, aka ba mu maki a huce. Muka yi murna biyu, ga maki, ga Buba ya cika biyar. Sai hukuma ta ce sam, wasan da ba a buga ba ba ya shiga lissafin dakatarwa. Saura wasa biyu a gama gasa: ɗaya da wani kulob na unguwar Gabukka, ɗaya na ƙarshe mako mai zuwa. Buba sai a na ƙarshe zai shiga.

Na fusata, na samu Baba a gindin darbejiyar bakin fili na ce, “Baba, zalunci ne wannan. Laifinmu ne da ba su zo ba?”

Ya ce, “Zalunci ne ko ba zalunci ba, doka ce. Ka rubuta musu roƙo ka kai. In sun ƙi, mako ɗaya ne, za mu jira.”

Na ce, “In Gabukka suka ci mu fa?”

Ya ce, “Su ci mu mana. Yau aka fara cin mu?”

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in girgiza tsohon nan. Na rubuta roƙon na kai, kwana uku ina zarya, yau a ce sakataren hukuma ya tafi ta'aziyya, gobe a ce ya fita taro. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Buba ya shigo shagona ya zauna a kan benci. Ya ce, “Hamma, kai da kake mayar da tsoho yaro a takarda, wasa ɗaya ne zai gagare ka?” Da wasa ya faɗa, har yana dariya. Ya tashi ya tafi, maganar ba ta tafi ba. Ba zan ɗora masa laifi ba, ko da yake na daɗe ina so in ɗora. Shi baki ya yi, ni na yi hannu.

Na ɗauko tsohuwar wasiƙar hukuma daga fayil, na kwafe kan takardar, na kwafe sa hannun sakatarensu, na rubuta cewa an duba roƙonmu an amince Buba ya dawo. Da na zo kan hatimi sai na ga gefensa guda a gutsure, harafin ƙarshe bai fito ba. Na ce a raina, wannan ƙazantar ba za ta fita daga shagona ba. Na zauna na cike gurbin, na daidaita da'irar, hatimi ya fito ɗas kamar yau aka sassaƙa shi.

Da safe na kai wa Baba. Ya sa tabarau ya karanta har sau biyu, ya ce, “Daga hannunsu ka karɓo, ɗana?”

Na ce, “Daga hannunsu, Baba.”

Ya ce, “To mun gode wa Allah.” Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, kuma shi da kansa ya miƙa wa jami'in wasa.

Buba ya ci biyu a ranar. Mako na gaba ya sake cin ɗaya a wasan ƙarshe, muka tsira. Aka ɗaga Baba sama, 'yan acaɓa suka yi ta zagaya unguwa suna hon, mata suna guɗa daga ƙofar gida. Ni kuwa ina tafe ina jin kaina wani gwarzo wanda ba a san shi ba. Ban san cewa tun ranar wasan Gabukka sakataren kulob ɗinsu ya shigar da ƙara ba. Shi ma tsohon hannu ne, ya fi shekara goma yana karɓar wasiƙun hukumar nan.

Aka kira mu gaban kwamiti. Baba ya miƙe, ya ce shi bai taɓa cin maki da ha'inci ba, kuma sakatarensa yaro ne da ya sani tun yana gajeren wando, in aka samu ƙarya a takardar nan to a kama shi shi Yohanna. Ina zaune a gefensa ina ji, na bar shi ya tsaya wa ƙaryata. Sai mutumin Gabukka ya zube tsofaffin wasiƙu a kan tebur, ya ce a duba hatimi. Duk gefensu a gutsure. Sakataren hukuma ya jawo aljihun tebur ya fito da hatimin, ya buga a farar takarda, ga gurbin nan. Ya ce, “Tun da ya faɗi ya ɓalle ba mu canza shi ba. Wane mai kirki ne ya gyara mana?” Baba ya juyo ya kalle ni, ya cire tabaraunsa.

Aka ƙwace makin wasan Gabukka, aka ƙara zare mana uku na horo, muka faɗa rukuni na biyu. Ku saurara da kyau, domin wannan ne abin da har yau yake ci mini rai: da mun haƙura Gabukka sun ci mu, da nasarar wasan ƙarshe kaɗai ta ishe mu tsira. Makin horon ne ya kashe mu. Wato abin da tsohon nan ya faɗa a gindin darbejiya shi ne daidai, mako ɗaya kawai. Garin gyaran gira na tsone ido. Shi kuma Baba, da yake shi ya miƙa takardar kuma ya tsaya mata, aka haramta masa tsayawa bakin fili a duk wasan gasa har shekara goma. Mutum mai furfura, shekara goma!

Hukumar ta kai maganar wajen 'yan sanda. Da takardar Buba ce kaɗai, wataƙila da an yi sulhu. Amma suka ɗauke kwamfutata, suka tarar da duk abin da na tara ina alfahari da shi, kowane aiki da sunan mai shi. Ban wahalar da kowa ba, ni na shirya musu shaida da hannuna. Alƙali ya ba ni shekara biyu.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai zafi, akwai kwarkwata, akwai gabza wadda ko kare zai yi shawara kafin ya ci. Matata ta koma gidan iyayenta da 'yarmu, tana sayar da awara. Amma abin da ya fi cin raina shi ne labarin da masu ziyara ke kawowa: Alhaji ya zare hannu, yara sun watse, wasu sun koma acaɓa, biyu sun faɗa shaye-shaye. Buba kuwa wani kulob ya ɗauke shi, yana can yana cin ƙwallayensa, har an ce ya rage zuciya. Shi da na yi dominsa ko ƙwarzane bai samu ba. A can ne na zauna na yi wa kaina hisabi, na tuba, na roƙi Allah gafara, na daina cewa taimako na yi.

Da na fito, kwana uku na yi ina kewaye layin su Baba kafin na iya sallama. Na same shi a tsakar gida yana gyaran keken jikarsa. Na durƙusa na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Ya ce, “Tashi. Na yafe tun kana ciki. Riƙo nauyi ne, ni kuma na tsufa.”

Na ji ɗan sanyi, sai na yi karambani. Na ce, “Baba, zan rubuta wa hukuma, in gaya musu ba ka san komai ba, ni kaɗai na yi. Ko za su ɗage maka haramcin nan.”

Ya ajiye sifana, ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce, “Takarda daga hannunka, ɗana? Wa zai yarda da ita?”

Duk da haka na rubuta. Da biro na rubuta, ban kusanci kwamfuta ba, kuma babu harafi ɗaya na ƙarya a ciki. Na kai ofishin da ƙafata. Wanda ya karɓa ya ga sunana a ƙasa, ya yi murmushi, ya ce wa na kusa da shi, “A bincika wannan da kyau.” Suka yi dariya. Yau wata bakwai, ban ji komai ba.

Don haka 'yan'uwana matasa, in wani ya zo ya ce muku lamba ɗaya ce kawai, ko suna ɗaya, ko mako ɗaya ne ba za a iya jira ba, ku ce masa a'a, ko da abokinku ne, ko da don unguwarku ne. In babba ya ce ku jira, ku jira, haushi ba ya kisa. Ni na buga ƙarya ta fi a ƙirga, duk an karɓa. Yanzu gaskiya ɗaya tak nake so a karɓa daga hannuna don tsohon nan ya koma bakin fili kafin ƙafafunsa su gaza, kuma babu mai karɓa.